Tukunyar ƙasa ko kwalbar ruwa: wanne ya fi wa shukar cikin ɗaki?

Da ƙanwata ta tare a gidan haya hawa na biyu, abin da ta fara kuka da shi rashin kore ne. Mun tashi a gida mai faɗin tsakar gida, zogale a bayan madafi, lalle a gindin rijiya, na'ana'a a tsohuwar fanteka. Yanzu ga ta a ciki da falo, tayil ko'ina, taga biyu suna kallon gabas. Sai ta kira ni: "Yaya, na ga wata shuka a kwalbar gilashi a wani ofis, babu ƙasa ko kaɗan, saiwoyinta farare tas a cikin ruwa. In yi irin wannan ne, ko in sayo tukunya in zuba ƙasa kamar yadda kike yi?" Amsar da na ba ta a waya ba ta kai minti biyu ba, kuma na san ban yi mata adalci ba, domin na daɗe ina fama da hanyoyin biyu, na kashe a nan, na kashe a can.

A fara da abin da ke rikita mutane. Kowa ya san yawan ban-ruwa na kashe shukar tukunya, to ta yaya wannan shukar dai za ta rayu tsamo-tsamo a cikin kwalba? Dalilin shi ne saiwa numfashi take yi, iskar oksijin take buƙata kamar kowane mai rai. A ƙasa mai kyau akwai ƙananan ƙofofi cike da iska. Idan ƙasar ta jiƙe jagab, ruwa ya cike ƙofofin, ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasar su cinye ɗan oksijin ɗin da ya rage, sai saiwa ta shaƙe ta ruɓe. Ruwan kwalba mai tsabta kuwa babu masu yi wa saiwa rububin iska a cikinsa, kuma yana shan sabuwa ta samansa. Sai dai abin da ruwa ke iya riƙewa kaɗan ne ƙwarai. Lita ɗaya tana ɗaukar kusan miligiram 9 na oksijin idan zafinta digiri 20 ne, idan ya kai digiri 35 sai ya sauko wajen 7. Shi ya sa kwalbar da ta yi lafiya lau a watan Disamba takan fara wari a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri.

Bambanci na biyu ya fi wannan nauyi, kuma a kansa zaɓin ya rataya. Ƙasa rumbu ce. Tana riƙe abinci, tana sakinsa kaɗan-kaɗan, idan an zuba taki ya yi yawa takan shanye wani kaso ta rage masa kaifi. Ruwa ba ya ajiya. Abin da aka sa masa shi ne kawai a ciki, idan ya gaza shuka ta rame, idan ya yi yawa ya ƙone saiwa a rana ɗaya. An daɗe da gane wannan. A 1699 wani Bature ɗan Ingila, John Woodward, ya raini na'ana'a a ruwa iri-iri, ya ga wadda ke cikin ruwan da aka dama wa ƙasar lambu ta fi ta ruwa zalla girma nesa ba kusa ba. Sai a wajen 1860 masana biyu a Jamus, Sachs da Knop, suka haɗa gishirin ma'adinan da shuka za ta rayu a kansu ba tare da ƙasa ba, kuma haɗin da wasu masanan, Hoagland da Arnon, suka wallafa a Kalifoniya a 1938 har yau ana amfani da shi a ɗakunan bincike. Shekara ɗari biyu da wani abu ke nan ana laluben abin da ɗan dunƙulen ƙasa ke yi a kyauta.

Ba kowace shuka ce ke yarda da ruwa ba

Wadda ta fi kowa haƙuri ita ce mai yaɗon nan mai ganye kamar zuciya, kore da feshin rawaya, wadda masu sayar da fulawa ke kira shukar kuɗi. A yanko reshe ƙasa da gaɓa, a cire ganyen ƙasa, a tsoma gaɓar a ruwa, cikin sati biyu zuwa uku saiwa ta fito. Tana iya shekaru a kwalba, sai dai ganyenta ba zai kai faɗin na 'yar'uwarta da ke ƙasa ba. Haka gorar sa'a, wadda ake ɗaure sandunanta da jan zare ana cewa ta Sin ce. A gaskiya ba gora ba ce, kuma asalinta Afirka ta Tsakiya, yankin Kamaru. Na'ana'a da daddoya suna fid da saiwa a ruwa cikin 'yan kwanaki, amma idan ci za a yi, gara a mayar da su ƙasa, don a kwalba sukan yi tsayi su sirance. Dankalin Hausa ma, idan aka tsoma rabinsa a kofi, yakan yi yaɗo mai kyan gani na wata biyu ko uku kafin ya ruɓe. Wannan wasan yara ne mai daɗi, ba shukar dindindin ba.

Waɗanda ke tara ruwa a jikinsu kuwa ƙasa ce gidansu: alobera, da kariya mai jan fure, da duk dangin ƙaya na hamada. Kariya ma ba ta ɗaki ba ce, rana take so ƙiri-ƙiri, baranda ce wurinta. Moda, mai dogayen ganyaye a tsaye kamar takubba, tamu ce ta Afirka ta Yamma, kakanninmu igiya suke tufkawa da zarenta tun kafin a fara sa ta a falo. Ganyenta yana fid da saiwa a ruwa idan an yi haƙurin wata ɗaya ko biyu, amma ɓata mata baiwa ne a bar ta a can, domin a tukunya tana iya sati uku babu ban-ruwa ko a jikinta, ta jure ƙarancin haske, ta jure ƙura.

Maganar taki

A nan ne hanyoyin biyu suka rabu sosai, a nan ne kuma na yi asarar da ta fi ba ni haushi. Ina da gorar sa'a sanda uku da suka shekara biyu a kwalba. Na ga ganyen ya ɗan kwaɗe, sai na ɗebi takin zamani na kamfa daga ragowar buhun gona, 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, na jefa a ciki. Kwana uku saiwoyin suka yi laushi suka koma ruwan ƙasa-ƙasa, sati guda sandunan suka yi rawaya daga gindi. Babu wadda ta tashi.

Lissafin mai sauƙi ne da na tsaya na yi shi. Lambobin da ke jikin buhun kamfa, 15-15-15, suna nufin kashi 15 cikin ɗari naitirojin ne, haka sauran biyun na fosforas da fotash. Giram ɗaya kacal a lita ɗaya yana ba da miligiram 150 na naitirojin, wanda ya ishi tumatir mai ganiyar girma a rana, balle shukar da ke zaune a inuwar falo tana fid da ganye ɗaya a wata. Ni kuwa na zuba abin da ya fi giram biyu a ruwan da bai kai rabin lita ba. Yuriya ta fi haka haɗari, kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, kuma sai ƙwayoyin halittar cikin ƙasa sun sarrafa ta kafin saiwa ta ci moriyarta yadda ya kamata. A kwalba babu masu wannan aikin da yawa, sai ta zauna, ko ta rikiɗe ta zama amoniya mai ƙuna.

Ko da an auna daidai, kamfa abinci uku kawai take kawowa, alhali shuka na jan ma'adinai goma sha huɗu ta saiwarta. Sauran, irin su kalsiyam da maganiziyam da ƙarfe, ƙasa ce ke bayarwa ba tare da an roƙe ta ba. Saboda haka mai kwalba yana buƙatar takin ruwa na musamman, wanda aka rubuta a jikinsa cewa na noman ruwa ne ko kuma yana ɗauke da ƙananan ma'adinai. Ba a kowane gari ake samunsa ba, kuma ya fi tsada. Idan an samu, a sa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da takardar ta ce, sau ɗaya a wata ko wata ɗaya da rabi, daidai lokacin da aka canza ruwa. Idan ba a samu ba, ni dai shawarata a yawaita canza ruwan kawai, ɗan ma'adinin da ke cikin ruwan rijiya ko na burtsatse zai riƙe shukar kuɗi ta rayu, ko da ba ta yi ƙiba ba.

Mai tukunya kuwa komai yana kusa da shi. Kashin awaki da na tumaki ya fi dacewa da ɗaki, don ba shi da zafi sosai kuma idan ya bushe ba ya wari. Na shanu ma yana da kyau idan ya ruɓe har ya koma baƙi yana marmashewa a hannu. Kashin kaji ya fi su ƙarfi duka, ɗanyensa ƙone saiwa yake yi, sai ya yi watanni a tare ana juya shi. Kowanne ne dai, kada ɗanye ya shiga falo, ƙuda da ƙananan ƙwari da gara za su biyo shi. Ni nakan ɗaure shi da ɗan danshi a baƙar leda in bar shi a rana tsawon sati biyu, zafin yana rage ƙwayayen ƙwari da irin ciyawa. Haɗin da nake yi shi ne turɓaya kwano biyu, yashi mai kaushi kwano ɗaya, ruɓaɓɓen taki kwano ɗaya, da ɗan dakakken gawayi ko buntun shinkafa da aka babbake don ƙasar ta saki jiki. Ga moda da alobera sai in ninka yashin. Laka zalla ba ta yi, takan daskare kamar bulo. Wannan haɗin kaɗai yana ciyar da shuka wata uku zuwa huɗu ba a ƙara komai ba.

Bayan haka, idan za a yi amfani da kamfa, rabin ƙaramin cokalin shayi a lita huɗu na ruwa ya isa, wato ledar ruwan sha takwas. A jiƙa shi ya kwana, a tace, a zuba a ƙasar da ke da danshi, kada a busasshiya. Sau ɗaya a wata daga farkon damina zuwa kaka, a dakata da hunturu lokacin da girma ya ja baya. Ba a ba shukar da aka dasa jiya taki, ba a ba wadda ke ciwo. Idan farin abu kamar kanwa ya fara taruwa a bakin tukunya, gishirin taki ne, sai a kai ta banɗaki a yi ta kwarara ruwa har ya fita ta ƙasa sau biyu ko uku.

Akwai dabarun da ke yawo a waya: ruwan wankin shinkafa, ɓawon ayaba, ɓawon ƙwai, dusar ganyen shayi. A ƙasa ba su da wata illa idan ba a cika ba, ko da yake amfaninsu bai kai yadda ake zuzuta shi ba, ɓawon ƙwai ma yakan daɗe ƙwarai bai narke ba. A kwalba kuwa guba ne. Duk abin da zai ruɓe a ruwa, oksijin ɗin saiwa zai ci wajen ruɓewar. Ruwa ba ya tsami banza, in kwalba ta yi wari a duba abin da aka jefa mata. Toka ma a yi hankali da ita: tana da fotash, amma kaifinta irin na kanwa ne, kuma idan ruwa ko ƙasa suka karkata can, saiwa ba ta iya ɗaukar ƙarfe ko da yana nan. Alamar ita ce sababbin ganye su fito rawaya, jijiyoyinsu kore. Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka yi rawaya gaba ɗaya, to naitirojin ne ya gaza, ko kuma ruwa ya yi yawa, wanda shi ne ya fi faruwa a tukunya.

Wane ruwa? Na sama ya fi, sai wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, don ba shi da gishiri. Ruwan famfo a tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana, kulorin ɗinsa ya fita. Gorar sa'a ta fi kowa ƙorafi a kan wannan, bakin ganyenta kan bushe idan ruwan ya cika magani. Ruwan burtsatse mai barin farin tabo a buta yana wahalar da shukar kwalba fiye da ta tukunya.

Sauro, wanda ba a cika faɗa ba

Masu tallar shukar kwalba sukan ce ba ta kawo ƙwari. Gaskiya ne ba ta kawo ƙwarin ƙasa, amma ruwa mai tsabta a buɗaɗɗiyar kwalba a inuwar ɗaki shi ne ainihin abin da sauron nan mai zanen fari a ƙafa yake nema, wanda ke cizo da rana, mai yaɗa shawara da zazzaɓin dengi. Ba labarin nesa ba ne, an tabbatar da ɓullar dengi a Sakkwato a ƙarshen 2023. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne, don haka canjin ruwa duk sati wajibi ne, da zafi ma duk kwana huɗu ko biyar. Kuma zubar da ruwan kaɗai bai wadatar ba, domin ƙwan yana manne a jikin gilashi daidai bakin ruwa, yana iya watanni a bushe bai mutu ba. Sai an goge cikin kwalbar da soso. Kwalba mai ƙaramin baki da aka toshe da auduga ta fi aminci. Mai tukunya ma bai tsira ba idan ya bar ruwa kwance a farantin da ke ƙarƙashinta.

Gilashi mai haske yana jawo gansakuka, musamman idan akwai taki a ruwan kuma rana na dukansa. Ba ta kisa nan take, amma tana cin abincin shukar tana ɓata kyan da aka yi abin dominsa. Kwalba mai duhu ko tulun ƙasa mai shafe suna maganinta, sai dai an rasa kallon saiwoyin.

In kuma lambun ruwa ake so na gaske

Wato babban kwano ko akwatin gilashi mai tsakuwa a ƙasa da tsirrai masu yawo a sama, wani lokaci da kifi. Abin da zuciya ke fara kawowa shi ne kainuwa da bado, tunda da su muka saba. Bado a cire shi daga lissafi, yana son rana ta kai tsaye wajen awa shida kafin ya yi fure, ba zai samu haka a falo ba. Kainuwa dashen Allah ce a kududdufi, a ɗaki kuwa sai an yi mata hidima: idan ba a bakin taga mai haske sosai take ba, sai ta yi ta ƙanƙancewa har ta narke. Wadda aka ɗebo daga tafki tana zuwa da baƙi. Akwai wani irin sauro da tsutsarsa ke maƙale wa saiwar kainuwa tana shaƙar iska ta jikinta, akwai kuma ƙananan katantanwa, waɗanda wasunsu ke ɗauke da tsargiya. A wanke ta sosai, a ware ta a bokiti na sati biyu ana dubawa. Idan tsiron ruwa ya yi yawa a shanya shi ya bushe, kada a zuba a kwata ko rafi. Ciyawar ruwan nan mai shuɗin fure da ta addabi hanyoyin ruwan Legas tun 1984, don ado aka fara yawo da ita a duniya daga Kudancin Amurka.

Kifi yana warware matsala biyu: ƙanana irin su gofi suna cinye tsutsar sauro, kashinsu kuma taki ne. Sai dai kashin yana fara fita ne a matsayin amoniya, sai wasu ƙwayoyin halitta sun zauna a jikin tsakuwa sun mayar da shi abin da shuka ke ci, wanda ke ɗaukar sati huɗu zuwa shida. Shi ya sa ake farawa da kifi kaɗan, a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk sati, kada a taɓa wanke tsakuwar da sabulu, kada kuma a kuskura a sa kamfa ko yuriya. Idan kifin sun yi yawa har sai da injin hura iska, to a tuna da halin wutar lantarki kafin a fara. Wannan kiwo ne, ba ado kawai ba.

Gida mai yara ƙanana yana da nasa lissafin. Kwalbar gilashi tana faɗuwa ta fashe, buɗaɗɗen kwano mai ruwa haɗari ne ga mai rarrafe. Shukar kuɗi da danginta suna da irin sinadarin da ke sa ɗanyen gwaza ƙaiƙayi a maƙogwaro, ruwan jikin kariya kuwa dafi ne sosai. Ƙasa ko ruwa, a ɗaga su sama. Batun cewa shuka na tace iskar ɗaki kuma kada a sa shi a ma'auni. Ya samo asali daga gwajin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, na 1989 da aka yi a rufaffun akwatuna, kuma wani nazari na 2019 ya nuna sai an jera shuka goma zuwa dubu a kowace murabba'in mita kafin su yi abin da buɗe taga ke yi.

To wa ya kamata ya ɗauki wanne? Ni halin mai shukar nake dubawa kafin shukar. Wanda hannunsa ba ya zama, kullum da buta yana ban-ruwa, kwalba za ta fi masa, don a can ba a yin ruwa ya yi yawa. Haka wanda ba ya son ganin ƙasa a tayil, ko mai ɗan teburin ofis. Amma mai yawan tafiya, da mai mantuwa, da wanda ke garin da ba a sayar da takin ruwa, da mai son shuka ta girma ta cika kusurwa, tukunya ce tasu: mai huda a gindi, ta yumɓu idan hannu na da nauyin ruwa don tana bushewa da wuri, ta roba idan ana mantuwa. A tura yatsa har gaɓa ta biyu, in da danshi a bari sai gobe. Da hunturu a riƙa goge ƙurar ganye da jiƙaƙƙen tsumma duk sati, a janye su daga bakin taga mai iska.

Idan an raini reshe a ruwa da niyyar mayar da shi ƙasa, kada a jira saiwar ta cika kwalba. Tana kai tsawon ɗan yatsa a dasa, a riƙe ƙasar da danshi sati biyun farko, domin saiwar da ta saba da ruwa tana da rauni, kuma yadda ta daɗe a can haka sauyin ke yi mata wuya.

Ƙanwata malamar makaranta ce, duk hutu tana tafiya gida sati uku. Da na je ganin ɗaki na kai mata moda biyu a tukunyar yumɓu, da reshen shukar kuɗi a tsohuwar kwalbar zuma mai ƙaramin baki. Kwalbar tana kan firiji, ranar Asabar take canza ruwan. Idan hutu ya zo takan naɗe ta a leda ta sa a jaka ta taho da ita, modar kuwa ta ba su ruwa ta ja ƙofa.